Gonar Mma Lariba a Bayan Asibiti

Ku da kuke shiga asibitin unguwarmu yanzu kuna ganin sabon benen nan mai shuɗin fenti har kuna tsayawa ɗaukar hoto a gabansa, akwai abin da nake so ku sani. In ka bi ta gefen ginin wajen katanga za ka ga wani dogon wuri an kewaye shi da bulo, ƙasa ce kawai a ciki, ba fure ba komai, sai wani benci, sai wata tsohuwa a kan bencin tana cin goro tana hararar duk wanda ya matso da ɓawon lemo a hannu. Wannan tsohuwar ita ce Mma Lariba, kuma wallahi in ba don ita ba da babu benen nan. Gidan haya ɗaya muke, ƙofarta na kallon tamu tun kafin a haife ni, don haka farkon labarin daga bakinta na ji, ƙarshensa kuwa da idona na gani.

Daga Walewale can arewa ta zo Accra, ta biyo mijinta Baba Sulemana, Allah ya jiƙansa, gadi yake yi a wani shagon katako. Ta ce ranar da ta sauka ko Hausa ba ta ji sosai, a bakin famfo ta koya wajen faɗan layi. A lokacin asibitin nan ba asibiti ba ne koraa, ko kaɗan, kilinik ake ce masa, ɗaki biyu ne da rufin kwano da baranda, nas biyu, likita kuma sai ranar Talata yake leƙowa in motarsa ta tashi. Aka ce ana neman mai shara sai ta je, aka ba ta tsintsiya da bokiti, shi ke nan ta shiga. Da yake nas-nas ɗin ba sa jin Hausa balle yaren arewa, kafin shekara ta zagayo mai shara ta zama mai fassara, mutum ya zo yana riƙe da ciki sai ka ji ana ihu Lariba, Lariba, zo ki ji me yake faɗi.

To akwai gadon haihuwa guda ɗaya a ɗaki na biyu, sabo fil, kuma Mma ta ce shekara uku tana goge gadon nan ba ta taɓa ganin mace ta hau ba. Shanya ake yi a kansa in ana ruwa. Mata na zuwa awo, suna kawo yara allura, amma haihuwa a'a, a gida wajen ungozoma. Nas-nas suka ce jahilci ne. Mma Lariba kuwa ta san ba shi ba ne, don tana jin abin da ake faɗi a bakin famfo.

Maganar mabiyiya ce. Abin nan da ke biyo jariri ya fito bayan an haihu, wanda cibiya ke manne da shi. A wajenmu ba a zubar da shi, wanke shi ake yi a naɗe a farin ƙyalle a binne, kuma a binne shi gefen cibiya na kallon sama. Tsofaffi sun ce in aka kife shi, mahaifar matar ta kife ke nan, ba za ta sake haihuwa ba. A kilinik kuwa cikin bokiti ake sa shi tare da auduga mai datti a juye a rami, karnuka na zagaye. Wace mace ce za ta yarda? Ba mai gaya wa nas-nas kuma, don ba maganar da ake yi da baƙo ba ce.

Ana nan sai ƙawarta Suweiba, wadda suke daka tare suke wanki tare, ta haihu a gida da hantsi, jini ya ɓalle ya ƙi tsayawa. Mma ta bar tsintsiya ta rugo, ta ce a ɗauke ta, kilinik ɗin nan ga shi ko minti biyar ba za a yi ba. Suweiba ta riƙe mata hannu ta ce Lariba kada ki bari su kai ni inda za a ba karnuka, ina son in ƙara haihuwa. Kafin a gama gardama a samo mai ɗauka, azahar ba ta yi ba ta rasu. Mma har yau in ta zo nan a labarin sai ta tsaya ta tofar da goro.

Bayan sadakar uku ta shiga ofishin babbar nas, wata 'yar ƙabilar Ga mai suna Madam Adukwei, mace mai faɗa paa, kowa tsoronta yake ji. Ta tsaya da tsintsiyarta ta faɗa mata komai da guntun Turancinta da guntun Ga ɗinta. Madam ta cire tabarau ta ce, Lariba, shekara uku ina zagin mutanen nan ashe wannan ne? Mu ma a garinmu binnewa muke yi! Me ya hana ki faɗa? Mma ta ce, Madam ba ki tambayi mai shara ba. Madam ta kama hannunta ta ja ta bayan ɗakin wanki inda wani fili yake cike da ciyawa har katanga, ta ce ga shi, naki ne, ki kawo min matan.

Mma ta samo tsofaffin kwanon rufi ta kewaye filin. Daga nan duk inda ake suna, duk inda ake biki, duk inda mata suka taru, tana nan tana faɗin abu ɗaya: ki zo ki haihu a kilinik, hannuna zai wanke, hannuna zai binne, cibiya sama, kuma muddin ina numfashi babu mai juya ƙasar nan babu mai zubar da ita. Wannan alƙawarin ku riƙe shi, don shi ne ya dawo mata bayan shekara arba'in.

Wata biyar ba wadda ta zo. Sai wata yarinya mai cikin fari, Rahinatu, ta ce ita za ta gwada, don ta ga gawar Suweiba da idonta. Uwar mijinta ta biyo ta tana masifa tun daga gida har baranda. Ta haifi namiji lafiya lau aka sa masa Basit, uwar mijin ta tsaya a bakin kwanon rufin nan ta zuba ido har Mma ta gama binnewa ta rufe, sannan ta koma unguwa ta ba da labari cewa mai sharar nan ta iya. Bayan shekara biyu Rahinatu ta sake ɗaukar ciki, ei, sai ƙofa ta buɗe. Gado ɗaya ya zama huɗu, huɗu ya zama ɗaki guda. Aka jawo wuta aka daina riƙe fitila, aka haƙa rijiyar burtsatse, aka gina wajen ba da magani da wajen gwajin jini, likita ya zama na kullum, wata rana aka zo aka sauke allon da ke cewa kilinik aka ɗora mai cewa asibiti. Madam Adukwei ta yi ritaya ta koma garinsu ta rasu, likitoci suka zo suka wuce, Mma na nan. Layi-layi take binnewa, taku ɗaya tsakani, ba rubutu ba alama, amma ka ce mata sunan uwarka da shekarar sai ta taka ta nuna maka da ɗan yatsan ƙafa. Mutane suka sa wa wajen suna gonar Mma Lariba. In yaro ya yi rashin kunya a layi sai ta ce kai, ni na shuka ka, layi na tara kusa da katanga, zauna. Nawa ma yana can, da na yayata Ruhaina, da na ɗan Ruhaina na fari. Ko da ta yi ritaya aka daina ba ta tsintsiya, kullum da safe tana can, kuma ko da 'yan zamani suka fara cewa su ba ruwansu, iyayensu mata na zagayowa ta baya da leda su miƙa mata.

Abu ɗaya ne asibitin bai samu ba duk shekarun nan, ɗakin tiyata. In haihuwa ta gardama sai a sa mace a taksi a nufi babban asibiti cikin gari, kuma kun san hanyar nan da rana, motocin haya tirotiro gaba tirotiro baya, direba na danna hon yana kaɗa jan ƙyalle ta taga ba mai matsawa don ba wajen matsawa. Mma ta shiga irin taksin nan ba adadi, kan mace a cinyarta. Wasu sun isa. Wasu jariran a hanya suka tafi, ta dawo da su a zane. Don haka in akwai mai son tiyata a unguwar nan sama da kowa, ita ce.

Shekara uku da suka wuce sai ga labari, za a gina bene, tiyata a ƙasa ɗakin masu jego a sama. Unguwa ta ɗau murna. Sai injiniya ya zo da igiyar awo ya zaga ya zaga, gaba titi, hagu masallaci, dama gidajen mutane manne da katanga, ko tabarma ba ka shimfiɗawa. Fili ɗaya ne ya rage a duk asibitin da zai ɗauki bene. Gonar.

Babban likitan, Dokta Imurana, ɗan Zongo ne amma a Kumasi aka haife shi, nasa ba ya cikin gonar, shi ya ɗauka wajen tsohon juji ne. Ya sa hannu a takarda. Ranar wata Litinin da safe katafila ta shigo ta ƙofar baya tana hayaƙi, kuma ku ji wanda ke tuƙa ta, Bra Basit. Shi dai, ɗan farin nan, yanzu ƙaton mutum da gemu da 'ya'ya huɗu, kamfanin ya turo shi bai ma san wane fili ba ne sai da ya iso. Kafin ya juya kan motar labari ya kai kasuwa. Uwarsa, yanzu Hajiya Rahinatu ce mai sayar da atamfa, ta rufe shago ta ɗauko kujerar roba ta dasa a gaban katafila ta zauna ta gyara mayafi.

Ta ce, Basit, sauko.

Ya ce wa uwar tasa, Mma aiki aka aiko ni.

Ta ce, to taka ni ka wuce, naka ne na farko a layi, ka fara kife kanka.

Ya kashe mota ya sauko ya tsuguna a gefe, abokan aikinsa na dariya suna cewa cale, wato aboki, me ya faru, ya ce ku bar ni kawai. Kafin ƙarfe goma mata sun cika bayan asibitin, masu waken safe, masu koko, masu ɗinki, har da masu goyo. Tsofaffi na faɗa, amma waɗanda suka fi ban tausayi matasan ne irin yayata Ruhaina, ɗa ɗaya gare ta tana neman na biyu shekara huɗu, ta tsaya ta riƙe kwanon rufin da hannu biyu. Kowa ya san aikin katafila, ɗiba take yi ta juye, na sama ya koma ƙasa.

Dokta Imurana ya fito da farar riga yana zufa ya ce, iyayena ku yi haƙuri ban sani ba, amma ku ji gaskiya, 'yan kwangila sun ce in ba a ba su fili nan da ƙarshen wata ba za a kai ginin wata unguwa, kuma in ya tafi ba zai dawo ba. Aka kira Malam Jibirilu limamin masallacin gefe ya zo ya yi sallama ya ce, binnewa abu ne mai kyau, amma zancen sama ko ƙasa al'ada ce kawai, haihuwa ta Allah ce, kuma abin da aka binne shekara da shekaru ai ya zama ƙasa. Hajiya Rahinatu ta ce, Malam, Allah ya ƙara ilimi, sau nawa ka haihu? Mata suka kwashe da shewa, Malam ya ce yoo, ni na faɗi nawa, ya tattara rigarsa.

Sai duk aka juya ana kallon Mma Lariba. Wata ta ce, Mma ke kika yi mana alƙawari, kuma ga ki kina numfashi. Dokta ya ce, Mma ke kika san taksin nan fiye da ni. Tana tsaye a tsakiya da sandarta. In ta ce a haƙa, ta ci amanar mata dubu. In ta ce kar a haƙa, tiyata ta tafi, kuma duk wadda ta mutu a hanya bayan yau ita ta san dalili. Ta ce a ba ta zuwa gobe da safe, katafila kar ta motsa, Hajiya kar ta kwana a kujera.

Ba gida ta nufa ba, kasuwa ta shiga sayen goro, don ta ce kanta ba ya aiki in babu goro. Ta tarar ana sauke kaya, masu dako na ɗauko kwanduna daga mota, mai goron na bin su yana ihu a hankali, yadda kuka ɗauko haka za ku ajiye, kar wanda ya kifa min. Ta tsaya tana kallo har mai goron ya ce Mma lafiya? Ta ce tsofaffin kwandunan nan da ka tara a baya me kake yi da su? Ya ce zubarwa. Ta ce kar ka zubar.

Washegari ta zo da kwando ɗaya da shebur. Ta ce, ku saurara. Wajen katanga ta gefe akwai wani tsirin fili, gini ba zai kai can ba, injiniya ya ce ko taku shida faɗinsa bai yi ba amma dogo ne. Basit zai haƙa mana rami a can da motarsa, can ba kowa. Nan kuwa ƙarfen mota ba zai taɓa ba. Da hannu za mu yanka ƙasar, shebur ya shiga ta ƙasa ya ɗago ta yadda take, a zaunar a kwando, a ɗauka a kai, a je a zaunar da kwandon gaba ɗaya cikin ramin. Ba juyewa. Kwando ya ruɓe a can abinsa. In kwando ya ƙare a kawo kwali. In wuri ya cika a ɗora wani a kan wani, su ma su samu bene.

Hajiya ta ce, Lariba, wurinsu fa? Nan ne wurinsu.

Mma ta ce, na yi alƙawarin ba juyawa ba zubarwa, kuma ina kai. Zancen wuri kuwa, Rahinatu, tun da na san ki gida nawa kika tashi? Ni daga Walewale, ke daga Salaga, waccan daga Bawku, waye a nan yake zaune inda aka ajiye shi? Kuma ke da shekara sittin da wani abu me kike tsoro, wani cikin kike shirin yi wa Alhaji?

Aka yi dariya har da Dokta. Hajiya ta ce Allah ya shirye ki, ta miƙe ta naɗe kujerarta, ta ce to na ɗana ni zan ɗauka.

Cale, ku zo ku ga aiki. Masu goro suka kawo kwanduna, masu shaguna suka kawo kwalaye, 'yan kayayo masu dako a kasuwa suka zo da gammonsu su da ko haihuwa ba su yi a nan ba, mazan da aka haifa a asibitin suka karɓi shebur, har wani makanike ya taso daga Abossey Okai da man inji a riga ya ce uwarsa ta bugo waya ta ce in bai zo ba kar ya ƙara gaishe ta. Mma na zaune a kan benci da sanda tana nunawa, wannan na Zenabu mai waake ne, wannan na 'yan biyun gidan Nuhu ne ku haɗa su kwando ɗaya. Mai ɗauka ba ta gudu ba ta waiwaye. Kwana shida ana yi lafiya lau, layi na raguwa, injiniya na duba agogo yana murmushi.

Rana ta bakwai aka iso layukan ƙarshe, na matasa. Ruhaina ta ce ita za ta ɗauki na ɗanta da kanta. Aka ɗora mata kwali a kai, ashe gindinsa ya sha laima, ta yi taku goma ke nan sai ya ɓarke, ta kai hannu ta tare sai gaba ɗaya ya kife a ƙasa, tim. Na sama a ƙasa, a gaban kowa.

Ruhaina ta durƙusa ta ɗora hannu a ka ta fasa kuka, wayyo shi ke nan, shi ke nan na gama. Matan da ke bayanta suka sauke nasu a hankali suka ja baya, wata ta ce mun faɗa, wata ta ce ni nawa ba mai taɓawa, a bar sauran inda suke. Kuma sauran nan su ne daidai inda injiniya ya ce ginshiƙin gaba zai zauna, kwana biyar ya rage wata ya ƙare.

Mma Lariba ta tashi, ba ta ko ɗauki sanda ba, ta zo ta tsaya kan Ruhaina ta ce, share hawayenki 'yata, zan faɗi abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba har Sulemana. Rahinatu, matso, naki ne.

Hajiya ta matso.

Mma ta ce, ranar da kika haifi Basit ni ba ungozoma ba ce, mai shara ce, ban taɓa binnewa ba sai dai na ga ana yi. Na wanke na naɗe na ƙulla ƙullin a gefen cibiya don in gane sama. Uwar mijinki na tsaye a can tana kallona kamar za ta cinye ni, abin ya suɓuce ya faɗa ramin, ƙulli a ƙasa. Na gani da idona. In na sa hannu na gyara, tsohuwar nan za ta gane, kafin la'asar duk unguwa ta ji mai shara ba ta iya ba, ba macen da za ta ƙara zuwa, a koma irin ta Suweiba. Sai na tura ƙasa na rufe. A kife na binne naki, Rahinatu. Shekara biyu ban yi barcin kirki ba, kullum ina leƙen cikinki a bakin famfo. Ranar da na ga kina amai a bayan gida azumi na ɗauka na godiya. To gaya wa yarinyar nan, bayan Basit nawa kika haifa?

Hajiya ta ƙirga da yatsu. Ta ce, bakwai.

Mma ta ce, da ƙarfi, na baya ba su ji ba.

Hajiya ta ce, bakwai! Ta dafe ƙirji ta ce, ei Lariba, shekara arba'in kina cin tuwon sunan 'ya'yana kina kallon idona! Ashe da kin binne daidai da sha biyar zan haifa, Alhaji ya gudu ya bar min gida!

Wallahi dariyar da aka yi har marasa lafiya sai da suka leƙo ta taga. Bra Basit ya ce shi ya sa kaina ke juyawa tun ina yaro. Ruhaina na kuka tana dariya lokaci ɗaya. Wasu tsofaffi dai ba su yi dariya ba, akwai wadda har yau ba ta gaida Mma, ta ce maƙaryaciya ce, kuma Mma ta ce tana da gaskiya. Malam Jibirilu da ke wucewa ya ce ai abin da na faɗa ke nan, Hajiya ta ce Malam wuce masallaci. Injiniya ya yi saurin cewa to tunda haka ne katafila ta ƙarasa mana sauran? Hajiya ta juyo ta ce kai ɗan nan, a kife ko a miƙe, 'ya'yanmu ne, ba shara ba ce. Ta tsuguna da atamfarta mai tsada ta tattara ƙasar Ruhaina da tafin hannu ta zuba a sabon kwando ta ɗora mata a kai ta ce muje, ina bayanki. Sauran suka ɗauki nasu. Rana ta tara da la'asar kwandon ƙarshe ya zauna, Mma ta zaga filin sau ɗaya tana duba ƙasa, sannan ta ɗaga sanda ta ce Basit, shigo.

Ginin ya ci shekara biyu. Watan da ya wuce Ruhaina ta shiga naƙuda da safe, jaririn ya zo a gicciye, nas ta duba ta ce tiyata. Da a da ne da yanzu ana tsaye a titi ana neman taksi. Gado kawai aka tura, na ƙirga, taku talatin da ɗaya daga ɗakin haihuwa zuwa ƙofar tiyata, kafin a kira azahar mun ji kuka. Mace ce, an sa mata Halimatus-Sa'adiya, muna kiranta Lariba ko da yake ranar Asabar ta zo ba Laraba ba.

Mijin Ruhaina ya zagayo gefen katanga da leda ya durƙusa ya miƙa wa Mma. Ta wanke ta naɗe a farin ƙyalle ta ƙulla ƙullinta, ta sa aka tona mata rami a ƙarshen tsirin, ta tsuguna da ƙyar gwiwa na ƙara. Sai ga inuwa a kanta. Hajiya Rahinatu ce, ta rufe shago ta zo, ta sa tabarau ta sunkuyo har mayafinta na taɓa ƙasa.

Mma ta ce, lafiya?

Hajiya ta ce, sa mu gani. Wannan karon ina kallo.